Motar Kawu a Shingen Kamfani

"Taka motar nan, don Allah!" matar direban ta ce daga kujerar baya, naƙuda na murɗa ta.

Direban ya ciji leɓe. Wata huɗu ke nan da Kawu, shugaban ƙungiyarsu, ya tara direbobi a tasha ya rantsar da su: ba mai bin sabuwar hanyar da kamfani ya gina yake karɓar kuɗin wucewa. "Hanyar jama'a ba ta sayarwa ba ce!" in ji Kawu, har da hawaye. Tun ranar suke fama da tsohuwar hanya, awa uku cikin ramuka, sawu ɗaya tak a wuni. A can motar direban ta lalace shekaranjiya. Shi ya sa yau ya figi ɗaya daga motocin Kawu, ko tambaya bai tsaya yi ba.

Matar ta sake ƙwalla ƙara. Ya karya kan motar ya hau sabuwar kwalta, kunya kamar ta kashe shi. Da wane ido zai kalli Kawu?

A shingen kamfani ya miƙa kuɗi, kansa a sunkuye. Ƙarfen ya riga ya ɗaga.

"Mayar da kuɗinka," mai tikitin ta ce tana murmushi. "Motocin shugaba duka shida an biya musu na shekara tun ranar buɗewa. Sawu uku-uku suke yi kullum. Sabon direbansa ne kai?"

"A'a," ya ce a hankali. "Ɗan ƙanwarsa ne ni. Ni na fara rantsewa."