Motar da Ke Kafewa a Rafin Kanya

Tun da aka zuba wa motoci baƙin ruwan nan mai jin kiran mayen ƙarfe, ba a ƙara ganin mota ta kafe ba. Da taya ta fara santsi sai ruwan ya yi kauri, ƙafafu huɗun su ja tare, motar ta haye taɓo kamar kwalta. Shi ya sa aka daina tsayawa a Rafin Kanya, inda dā matafiya kan yini suna turi, Inna Tabawa na sayar musu da dafaffiyar gyaɗa.

Motar Barau direba kaɗai ke kafewa a can, duk Laraba. Marigayiya matarsa 'yar Inna ce, Inna kuwa ko allura ba ta karɓa daga hannun suruki. Sai ya riƙa manna mayen ƙarfen tsohuwar rediyo a ƙarƙashin mota, ruwan ya rikice, ta kafe, Inna ta samu ciniki.

Yau ma fasinjoji suka sauko suna tsaki, suka kewaye faifan gyaɗa. Barau ya tuɓe takalmi, ya durƙusa daga nesa.

"Barka da rana, Inna. Ta sake kafewa."

"Sannu, ɗan nan. Motar nan dai ba ta da lafiya."

Sai motar, da yake motocin yanzu na da baki, ta yi magana, muryarta a sanyaye: "Karo na tara ke nan. A na goma, ni zan zaɓi hanya."

Inna ta daɗe tana ƙulla masa gyaɗa, kanta a sunkuye. Sannan ta ce, "In ta warke, ɗan nan, da ƙafa ma ana zuwa."