Jan Layi a Allon Mai Tabarau

Wucewa kawai Ɗan Waje ya zo yi da kofin shayi, idonsa ya faɗa kan allon kwamfutar Mai Tabarau, wani tsohon ma'aikacin wurin. Jan layi ne ƙarƙashin wani umarni, sak irin nasa. Shi kuwa bai ba kowa manhajarsa ba.

Wata biyu ke nan da dawowarsa gida bayan shekara bakwai a ƙasar waje, kawunsa ya ba shi kujera a masana'antarsa ta yankan ƙarfe. Injinan suna da nasu harshen umarni, kuskure ɗaya kan lalata faranti guda. Aikinsa shi ne gina sabar harshe, manhajar da ke laɓe bayan edita, wato manhajar rubuta umarni, tana ja wa kuskure layi tun kafin ya kai ga inji. Kawu ya ce in ta yi aiki, sashen kwamfuta ya zama nasa.

Ta kuma yi. Tun gwajin farko ta kama, har tana gane umarnin da bai tuna ya koya mata ba. Ya ce a ransa, karatun waje ba wasa ba ne.

Mai Tabarau fa? Shekara goma sha biyu a lungu ɗaya, ba ya magana sai an tambaye shi. Shi ya haɗa wa Ɗan Waje kwamfuta ranar da ya fara aiki, don haka ya san kowace ƙofa a cikinta.

Ɗan Waje ya ɗana tarko. Ranar Talata ya lalata sabarsa da gangan, yadda za ta ja wa kowane layi ja, daidai ko kuskure. Ɓarawon da ke kwasa kullum zai kwashi wannan ma.

Da safe ya jawo kawu har lungun.

"Kawu, yau za ka ga mai cin gumin wani."

"Kai dai ba ka iya zama wuri ɗaya ba. Malam, buɗe mu gani."

Mai Tabarau ya buɗe. Allo fes, jan layi ɗaya tak, a inda ya dace.

"Ya gano ne ya gyara!" in ji Ɗan Waje. "Zo ka ga tawa, ka ga abin da ya kamata ya bayyana."

Suka koma teburinsa. Ya buɗe edita, ya jira ja ya cika allo. Fes. Ya rufe, ya sake buɗewa. Fes.

Mai Tabarau ya yi gyaran murya. "Ƙanena, duba saitin editan, wurin da aka rubuta sabar da zai kira."

Ya duba, kawu na leƙe ta kafaɗarsa. Adireshin bai nuna jakar fayilolinsa ba. Wata tsohuwar jaka ya nuna, mai shekara huɗu, a kwamfutar Mai Tabarau, inda sabar da Mai Tabarau ya rubuta take. Tasa sabar, tun da ya fara rubuta ta, ko sau ɗaya ba ta taɓa tashi ba.