Wanda Ya Tare Layin Firinta

Takwarata, 'yar ɗana na biyu, ita ta fara ba ni wannan labari, tana matsa min ƙafa. Ni ban san kwamfuta ba, amma na san halin ƙunci idan na ji shi.

Shekara biyu ta yi zaune a gida, takardar makarantarta a ƙarƙashin katifa, kafin wani kamfanin jigilar kaya ya ɗauke ta gyaran kwamfuta. Gwajin wata uku suka ba ta. Saura kwana biyu gwajin ya cika, firintar ofis ta nemi ta kore ta.

Ga yadda ta bayyana min. Kwamfuta goma sha biyu ne, firinta ɗaya. Duk wanda ya aika takarda, sai ta fara biyawa ta wata babbar kwamfuta da suke ce wa saba, ita ke jera su layi kamar mata a bakin famfo. To, takardar da ya kamata ta fito kafin ka ƙifta ido, sai ta kwashe minti arba'in. Direbobi na tsaye a rana da mota cike da kaya suna jiran takardar fita, suna zagin wadda ba su san fuskarta ba.

Manaja ya sa aka kira ta. Mutum ne da ba ya gaida kowa sai an fara yi masa magana, ma'aikata sun daɗe da yanke hukunci cewa girman kai ne. Fuskarsa na wajen taga ya ce, "Jibi da safe ki kawo min dalili a rubuce, da sunan mai laifi. In babu, ki ajiye makulli ki kama gabanki."

Ɗakin saba ba shi da taga, faɗinsa bai wuce banɗaki ba, ga fanka na kuka kamar injin niƙa. Nan ta wuni. Ta canja waya. Ta kashe ta kunna. Ta goge manhajar firintar ta sake ɗora sabuwa. Shiru, kamar an shuka dusa. Da ta jona kwamfutarta kai tsaye da firintar, takarda ta fito nan take. Ashe baiwar Allah firinta ba ta da laifi, wani ne ke tare layi.

Kashegari ta buɗe rajistar saba tana bi ɗaya bayan ɗaya. Kowa shafi ɗaya, shafi biyu. Amma sau huɗu ko biyar a rana sai ga wani jibgegen aiki, shafi ɗari da wani abu, kowane shafi an aiko shi a matsayin hoto, mai nauyi kamar buhun siminti. Idan ya shiga, kowa ya tsaya. Kuma duk daga kwamfuta ɗaya suke, ta Sakatariya.

Wannan mata shekararta ashirin da biyu a wurin. Ita ta nuna wa Takwara inda ake ajiye komai, ita ke raba abincinta biyu ta tura mata rabi. Ita ke ɗora yatsa ta ce wa Manaja, "Nan za ka sa hannu, Yallaɓai," ofis ya ci gaba da tafiya.

Ta same ta a teburinta ta rage murya.

"Anti, me kike bugawa haka?"

"Aiki."

"Shafi ɗari da ashirin?"

"Ke ƙirga min shafi aka ɗauke ki?" Sai kuma ta sauke numfashi. "Ni ce ke jawo wannan jinkirin?"

"Ke ce, Anti. Kuma Manaja sunan mai laifi yake so."

Matar ta daɗe tana juya biro a hannu. "Rubuta nawa, 'yata. Ni na ci zamanina, ke yanzu kika fara."

Sai a sannan Takwara ta tuna ba ta taɓa ganin shafi ɗaya na aikin nan ba, domin Anti kan tsaya a kan firintar ta kwashe su da ɗuminsu, ta rufe da mayafi.

Gaba kura, baya sayaki. In ta rubuta sunan, ta ci amanar wadda ta ciyar da ita. In ta ƙi, ta koma gida zaman jiran tsammani. Ta rubuta rahoton tsaf, ta bar gurbin suna babu komai. Daf da tashi ta ga Anti ta aika wani jibgegen, sai ta riƙe shi a cikin saba. Anti ta jira har ta gaji, ta ɗauki jaka ta tafi.

Da safe Takwara ta riga har mai shara zuwa. Ta kunna fitilun ofis duka, ta saki aikin, ta tsaya a kan firintar. Shafi ya fara fitowa. Wasiƙar wani abokin ciniki ce ta jiya, amma kalma uku kacal a kowane shafi, kowane harafi kamar tafin hannu.

Hawaye ya cika mata ido. Wayyo Anti, ta ce a ranta, ashe idonki ne ya tafi kike ɓoyewa.

Sai ta ji takun takalmi a hankali, da ƙarar hannu yana shafa bango. Manaja ne. Ya zo ya tsaya a gabanta, bai fi kamu ɗaya tsakaninsu ba, ga haske tar, ya dubi tsakiyar fuskarta ya miƙo hannu biyu.

"Kin yi sammako, Sakatariya. Miƙo min su in karanta kafin yarinyar nan mai gyara ta iso."