Gorin Masara

Shekarar da muka gudo daga Borno, gidan Kawu muka sauka a Jimeta. Wata la'asar ina gindin mangwaro ina ba 'ya'yansa labarin da na ƙirƙira: wai akwai wata duniya a ƙetaren Binuwai, inda wata ni take zaune, ba a ƙona garinsu ba, babanta kuma yana raye.

Ashe Kawu yana ji daga kujerarsa, yana sakace da tsinken ashana. Ya zare tsinken, ya duba abin da ya fito, sannan ya ce, "To ki aika wa waccan ta zo ta kwashe ku mana, masarata ta huta."

'Ya'yansa suka tuntsire da dariya. Innata tana bakin murhu, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Yanzu duk littafin da na fitar sai ya bugo waya: "Ɗiyata! Ai a gidana kika koyi labari."

Nakan ajiye wayar yana ta zuba shi kaɗai, in tafi shanya wanki. Ko tsakina bai cancanta ba.