Tafukan Da Na Ba Barkono

"Ba zan daina binciken barkono ba, Farfesa."

Ya zare tabarau ya dube ni sama da ƙasa. "'Yar nan, barkono na miyar kifi ne. In girki kike sha'awa, koma gidan uwarki."

Sauran ɗaliban suka kwashe da dariya. Ni kuwa na san abin da idona ya gani. Kakata ta tsufa tana tsaga barkono a garinmu Seged. Tana budurwa yatsunta ƙuna suke, da ta manyanta ko tafasasshen ruwa ba ta ji. Na ce lallai abin da ke kunna zafi a jijiya zai iya kashe shi.

Ya hana ni ɓerayen gwaji, ya hana ni masu sa kai. Sai na koma kan tafukan hannuwana. Kullum in shafa ruwan barkono, in cije leɓe, in auna zafin, in kasa zama, in zagaya ɗaki, gobe in ƙara. Shekaru suka shuɗe a haka, har raɗaɗin ya mutu.

Yau likitoci na rage wa majinyata azaba da abin da na gano. Farfesa ma yana ce mini abokiyar aiki.

Jiya 'yata ta kwanta tana rawar sanyi. "Mama, taɓa goshina ki ji."

Na ɗora tafina, na daɗe. Ban ji komai ba. Na yi nasara, amma sai da na kira maƙwabciya ta gaya mini 'yata na da zazzaɓi.