Kwanon Awo

"Kwano uku nake auna miki da hannuna tun muna amare," in ji maƙerin. "Da har saura ake yi. Yanzu ko ni ba na ƙoshi. Ina shinkafar take zuwa?"

"Cikinka za ka tambaya, maigida."

"Ko dai gidanku?"

Matar ta ɗauki mayafinta ta tafi gidan nasu.

Sati guda yana cin abincin sayarwa, yana jiran ta zo ta ba shi haƙuri.

Ranar nan bakanike ya faɗo maƙera da faɗa. Fulin injin da aka zuba masa, wato ƙarfen da bel ke juyawa a kai, ya ƙi shiga mazauninsa.

Maƙerin ko ɗago kai bai yi ba. "Ai na gaya maka. Tsohon ka kawo, na danna shi a yashi na fitar da siffarsa, na narka dalma na zuba. Ita kuwa dalma in ta huce tsukewa take yi. Duk abin da aka zuba daga tsoho sai ya ɗan fi shi ƙanƙanta. Ka yi ta maimaitawa, wata rana tukunya ta koma ludayi."

Sai kwanon da yake auna shinkafa ya faɗo masa a rai.

Kwanon awon gidansa na dalma ne. Duk shekara in ya lotse, haka yake danna shi a yashi, ya narka shi, ya zuba sabo.

Bakanike ya leƙa tsakar gida.

"Wai ina mai ɗakin naka ne? Kwana biyu ban ji ƙamshin girkinta ba, lafiya dai ko?"