Gurbin Bayan Ɗaki

Tun da aka kafa dokar cewa ko taku ɗaya na ƙasa ba zai zauna babu shuka ba, ma'aikatan lambu ke bin gida-gida suna zana wa mutane tsakar gidansu. Ranar Laraba suka iso gidan Inna Hurera.

Sabi'u mai zane ya ɗora allonsa a kan turmi, sai ga gidan ya fito a ciki. Ta nuna masa inda take son yakuwa, da inda furanni za su kewaye rijiya. Ya ɗora yatsa a bayan ɗakinta.

"Inna, nan kin bar shi fili."

"A bar shi haka, ɗan nan."

"Allon ba ya karɓar fili. In ba ki zaɓa ba, jibi inji zai zo ya haƙa rami ya dasa darbejiya."

Ta juya ta kalli bayan ɗakin. Shekara talatin tana share wurin, ko ruwan wanke-wanke ba ta taɓa zubawa ba. A nan aka binne ɗanta tilo, wanda ya koma ana jibi suna.

"Wane fure ne saiwarsa ba ta nisa?"

Sabi'u ya dubi wurin, ya sunkuyar da kai. "Akwai wanda ba ta wuce tsawon yatsa."

"Sa shi. Da hannuna zan dasa."

Ya taɓa allon. "Yana tambayar sunan da za a sa wa gurbin, Inna."

"Ba shi da suna," in ji ta. "Bai kai ba."